Mun koma sabon gida, muzurunmu ya ƙi zama

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Yau kwananmu 6 da tarewa a sabon gida. Muzurunmu shekara 4 yana yawonsa a waje yadda ya ga dama, amma ranar da muka iso ƙarƙashin gado ya shige, idanunsa kawai nake hangowa. Kwana na uku tausayi ya kama ni na buɗe masa ƙofa, ya ɓace. Washegari aka same shi zaune kan katangar tsohon gidanmu, wajen kilomita 2 daga nan. Na dawo da shi, yanzu tun asuba yake kuka yana yaƙushin ƙofa. In sake shi ko in ci gaba da kulle shi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin yi gaggawar sakinsa ne. Mage da hanci take sanin gida, shi kuwa wannan gidan bai ɗauki warinsa ba tukuna. Ki riƙe shi a ciki mako 3, tunda tsohon gidan kusa ne ma ki kai 4. Ki ware masa ɗaki guda da ruwa, abinci da kwanon yashi na bahaya, amma ki nisanta yashin da abincin. Tsohuwar shimfiɗarsa kada ki wanke ta. Ki samu tsumma mai laushi ki shafi kumatunsa, nan da yake goga miki a ƙafa, sai ki goga a ƙafafun kujeru da gefen ƙofa daidai tsayinsa. In ya ɓuya, ki bar shi ya fito da kansa.

Amsa ta biyu: Ki roƙi waɗanda suka shiga tsohon gidan kada su ba shi ko loma ɗaya. Ni abin da ya wahalar da ni ke nan da tawa kyanwar.

Amsa ta uku: Malama, ranar fita ki zaɓi safiya, kafin ya ci komai. Ki bar ƙofa a buɗe ya taka da ƙafarsa, ki bi shi, bayan 'yan mintuna ki kira shi da kwanon abinci. An yi masa fiɗiya kuwa? Muzurun da ba a yi wa ba ya fi nisan yawo. Kuma in ya yi kwana 2 bai ci ba, ko yana yunƙurin fitsari ba ya fita, likitan dabbobi za ki kai shi ranar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba a yi masa ba, gobe zan kira likita. Shimfiɗar ma har na jiƙa ta zan wanke, amma akwai tsohon bargonsa a cikin kaya, yanzu zan ciro masa.