Wa ya ƙirƙiri jaruman Marvel, Stan Lee ko masu zanensa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina so mu baje ta a faifai. Duk wanda ka tambaya wa ya ƙirƙiri Spider-Man da Hulk da Thor da X-Men da Black Panther, zai ce maka Stan Lee, tsohon nan mai gashin baki da tabarau da ke leƙowa a finafinan Marvel. Ni ban yarda ba. Jack Kirby da Steve Ditko, masu zana littattafan labarai na hotuna da jaruman suka fito a ciki, su ne suka yi aikin, Lee ya kwashe sunan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Amira: Wa'alaikumussalam. Baban Khalifa, wannan hukunci ya yi tsauri. Mutumin da ya rubuta kusan kowace kalma da ta fito daga bakin jaruman nan na tsawon shekara goma, shi za ka ce bai yi komai ba?

Baban Khalifa: Ban ce bai yi komai ba, Hajiya. Cewa na yi ba shi ya ƙirƙira ba. Lee ya shiga kamfanin tun 1939 yana yaro, lokacin ana kiransa Timely, kuma mai kamfanin, Martin Goodman, mijin wata 'yar'uwarsa ne. A 1941 ya zama edita. Daga nan zuwa 1961 shekara ashirin ke nan yana rubutu. Ki faɗa mini jarumi ɗaya da ya ƙirƙira a wannan tsakanin wanda duniya ta riƙe. Shi kuwa Kirby, tun 1941 shi da Joe Simon suka fitar da Captain America, yana naushin Hitler a bangon littafin, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba.

Auta: Yayyena ku yi haƙuri, ni finafinan kawai na sani. Ashe ba marubuci ne ke rubuta labari ya miƙa wa mai zane ba? To ina rigimar take?

Mai Zane: Auta, ai nan ne gizo ke saƙar. A yawancin kamfanoni haka ake yi: marubuci zai rubuta komai, shafi na ɗaya hoto na ɗaya ga abin da ke faruwa, ga abin da wane zai ce. A Marvel na shekarun 1960 ba haka aka yi ba. Littattafan sun yi wa Lee yawa, sai ya riƙa zama da mai zane su tattauna labari a gurguje, wani lokaci takarda ɗaya, wani lokaci magana ce kawai ta baka. Mai zane ya tafi gida ya zana shafi ashirin. Shi zai yanke shawarar inda labari zai fara, wa zai shigo, ina za a yi faɗa, ina za a yi kuka, yaya za a ƙare. In ya kawo, sai Lee ya cike maganganun da ke cikin kumfar nan ta saman kawunansu.

Ni da nake riƙe fensir ina gaya maka, wanda ya tsara shafi ashirin daga jimla biyu shi ya ba da labarin. Shafukan Kirby na asali suna nan, masu tara kayan tarihi suna da su. A gefen kowane hoto za ka ga rubutunsa da fensir, yana yi wa Lee bayanin abin da ke faruwa da abin da mutumin ke nufin faɗa. Amma a shafin farko sai a rubuta Lee ne marubuci, Kirby mai zane. Kuɗin rubutu ya tafi wajen Lee, ban da albashinsa na edita, Kirby kuma a biya shi kuɗin zane shafi-shafi.

Maman Amira: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Waɗannan rubuce-rubucen na gefen shafi su ne ma hujjata. Sau da yawa Kirby zai rubuta abu ɗaya, Lee ya sa wa mutumin wata magana dabam, ya juya halinsa. Kafin 1961 jaruman littattafan nan duk bakinsu ɗaya, kowa mutumin kirki ne mai murmushi, in ka rufe hoton ba za ka gane wa ke magana ba. A littafin Fantastic Four na 1961 ne aka ga jarumai suna cacar baki kamar 'yan gida ɗaya. A fitowa ta 9 har karyewa suka yi, aka kore su daga gidan da suke haya. Peter Parker, wato Spider-Man, yana ceton gari da dare, da safe yana tunanin kuɗin maganin gwaggonsa May. Maganar nan da kowa ya haddace, cewa babban iko yana tafe da babban nauyi, tana hoton ƙarshe na labarin Spider-Man na farko a 1962, kuma Lee ne ya rubuta ta. Muryar nan ita ta sa ɗaliban jami'a suka fara karanta abin da a da ake ɗauka na yara ne.

Kuma akwai takardar da Lee ya buga da tafireta ta tsarin labarin Fantastic Four na farko, ba ta ɓata ba.

Baban Khalifa: Takardar tana nan, amma an buga ta ne kafin su zauna da Kirby ko bayan sun zauna? A kan wannan ake ta jayayya har yau. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, a 1957 Kirby ya yi wa kamfanin DC, abokin hamayyar Marvel, wani littafi, Challengers of the Unknown: mutum huɗu sun tsira daga hatsarin jirgi, suka sa kaya iri ɗaya, suka shiga fuskantar abubuwan al'ajabi. Bayan shekara huɗu sai ga Fantastic Four, mutum huɗu, hatsarin kumbo. Sannan ki dubi Ben Grimm, mutumin dutsen nan. Ɗan unguwar talakawa ne a New York, mai saurin fushi, mai taba a baki. Kirby ne da kansa, wanda ya tashi yana dambe a lungunan Lower East Side. Sunan mahaifin Kirby Benjamin, sunansa na yanka Jacob, cikakken sunan jarumin kuwa Benjamin Jacob Grimm.

Mai Zane: Ga kuma Silver Surfer. A Fantastic Four fitowa ta 48, a 1966, sun shirya labarin Galactus mai cinye duniyoyi. Da shafukan suka dawo sai Lee ya ga wani mutum mai launin azurfa yana yawo a sararin samaniya a kan allo, wanda ba su taɓa maganarsa ba. Kirby ya ce ai halitta mai girman Galactus dole ta kasance da ɗan aike mai share mata hanya. Lee da bakinsa ya sha ba da wannan labari. Haka Doctor Strange, tun a 1963 Lee ya rubuta a wata wasiƙa cewa dabarar Ditko ce.

Maman Amira: To ka gani. Mutumin da ake cewa ya kwashe suna, shi ne ke faɗa wa duniya wane ne ya yi kaza. Wa ya riƙa jera sunayen mai zane da mai bin zane da tawada da mai rubuta haruffa a shafin farko na kowane littafi, har da yi musu kirari? Laƙabin Sarki da ake kiran Kirby da shi, Lee ne ya yayata shi. A wancan zamani kamfanoni da yawa ba sa sa sunan kowa.

Mai Zane: Kirari ba ya biyan kuɗin haya, Hajiya. Ina so ku buɗe Amazing Spider-Man fitowa ta 33. Wani ƙaton inji na ƙarfe ya danne Spider-Man a wani ɗaki a ƙarƙashin ruwa, rufin yana yoyo, maganin da zai ceci gwaggonsa yana ajiye a gabansa, hannunsa ba ya kai wa. Ditko ya fara da ƙananan hotuna a matse, ruwan yana ɗiga a kansa ɗis-ɗis. Yana yunƙurawa hotunan suna ƙara faɗi, ruwan yana ƙaruwa, shafi bayan shafi, har lokacin da ya ɗaga ƙarfen sai hoto ɗaya ya cinye shafin gaba ɗaya. Kai mai karatu sai ka ji kamar kai aka sauke wa nauyin. A lokacin da aka yi wannan, Lee da Ditko ba sa ko magana da juna. Ditko ne ke tsara labarin shi kaɗai ya kawo ofis, kuma sai da ya matsa kafin aka fara rubuta masa hakan a 1965. Bayan fitowa ta 38 ya ajiye aikin ya yi tafiyarsa.

Maman Amira: Na san shafukan nan, ina cikin masu ƙaunarsu. Amma abin da yaron ke faɗa wa kansa a ƙarƙashin ƙarfen, yana tuna kawunsa Ben da ya mutu saboda sakacinsa, yana cewa ba zai bari a maimaita ba, wa ya rubuta? Kuma da Ditko ya tafi littafin bai mutu ba. John Romita ya karɓa, ciniki ma ya ƙaru. Shi kuwa Kirby da ya koma DC a 1970 ya samu abin da yake so, shi ne marubuci shi ne mai zane. New Gods fitowa 11 ya yi aka tsayar da shi. Zanen ya kai zane, tunanin ya kai tunani, amma maganganun suna da nauyi a baki.

Baban Khalifa: Darkseid, babban mugun nan na labaran DC, daga aikin Kirby na can ya fito, kuma yau fiye da shekara hamsin DC na cin abinci da shi. Lee fa, bayan mutanen nan biyu sun tafi? She-Hulk a 1980, sai me?

Kawu: Yara, ku bari in sa baki. Kuna ta jan Lee kamar shi ya kafa tsarin, alhali ya tarar da shi ne. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland, sun sayar da Superman a 1938 kan dala 130, da labarin da haƙƙin mallakar duka. Da suka kai ƙara a 1947 aka sallame su, aka cire sunansu. Sai a 1975, suna tsufa cikin talauci, Shuster idonsa ya kusa tafiya, 'yan'uwansu masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tayar da ƙura a jaridu, sannan kamfanin ya yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, ya mayar da sunansu. Batman kuma, Bob Kane ya zo da mutum mai jan kaya da fukafukai. Bill Finger ne ya kawo hular mai kunnuwa da mayafin da duhun kayan, ya raɗa sunan Bruce Wayne da na birnin Gotham. Finger ya rasu a 1974 ba a san shi ba, sai a 2015 aka fara sa sunansa tare da na Kane. In aka auna da Kane, Lee mai adalci ne.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara girma, Kawu. Amma wanda ya fi wani laifi ba ya wanke wanda ke bayansa. A Janairun 1966 jaridar New York Herald Tribune ta yi dogon rahoto a kan Marvel, ta zana Lee a matsayin gwanin da komai ke fitowa daga kansa, ta kwatanta Kirby da wani gajiyayyen ma'aikaci da ke zaune a gefe. Abin ya yi wa iyalin Kirby ciwo ƙwarai. Daga nan har tsufansa, in aka gabatar da Lee a matsayin wanda ya ƙirƙiri jaruman nan shi kaɗai, sau nawa ya tsayar da mai magana ya gyara masa?

Maman Amira: Shi ma Kirby ai ya wuce gona da iri. A hirar da mujallar Comics Journal ta buga a 1990 cewa ya yi Lee bai taɓa rubuta komai ba, har Spider-Man ya ce nasa ne. Wannan kuma cin haƙƙin Ditko ne. Ɓacin rai ne ya yi magana, na fahimta, amma ba za mu ɗauke shi hujja ba.

Auta: To kotu fa? Ba a taɓa kai maganar gaban alƙali ba?

Kawu: An kai, ɗana. A 2009 Disney ta sayi Marvel kan kusan dala biliyan 4, a shekarar kuma 'ya'yan Kirby suka nemi a dawo musu da haƙƙin mahaifinsu. A 2011 kotu ta ba Marvel gaskiya, ta ce aikin haya ya yi, abin da ya zana na wanda ya biya shi ne. Suka ɗaukaka ƙara har ƙofar Kotun Ƙoli, sai a Satumbar 2014 aka yi sulhu a waje, ba a bayyana abin da aka ba su ba.

Mai Zane: Ka lura Auta, kotu ta amsa tambayar wa ya mallaka ne. Tamu tambayar ita ce wa ya ƙirƙira. Ko zanensa na asali sai da Kirby ya yi shekaru yana fama kafin a 1987 aka mayar masa da shafi wajen 2,000, kaɗan daga cikin abin da ya zana musu.

Maman Amira: Ni dai inda na tsaya shi ne a ce Lee da Kirby, a ce Lee da Ditko, kamar yadda ake rubutawa a finafinan yanzu. Shi ma Lee bai mallaki ko ɗaya daga cikin jaruman ba, har ƙara ya kai Marvel a 2002 kan rabonsa na ribar finafinai.

Baban Khalifa: Ya kai ƙara, aka sasanta da shi kan dala miliyan 10, ya rayu har 2018 ana shimfiɗa masa jar darduma. Kirby ya rasu a 1994 bai ga ko ɗaya daga cikin manyan finafinan ba. In za a haɗa sunayen biyu, Hajiya, ni na Kirby zan fara kira.

Maman Amira: A Fantastic Four da Thor ba zan ja da kai ba. A Spider-Man kuwa sai mun sake zama, don ban yarda Peter Parker zai zama Peter Parker ba da bakin Lee ba.