Neman kalmar Hausa: me za mu kira kuɗin harajin da suka faɗo wa Ailan?

'Yan uwa masu aikin fassara, ina neman shawararku kan kalmar Turanci "windfall", wadda asalinta 'ya'yan itace ne da iska ta kaɗo ƙasa, mutum ya tsinta ba tare da ya hau bishiya ba. Ta tsaya mini ne a labarin ƙasar Ailan, inda a ranar 10 ga Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin ƙarshe cewa dole kamfanin Apple ya biya Ailan harajin kimanin Yuro biliyan 13 da hukumar Tarayyar ta ce an yi masa rangwamensa ba bisa ƙa'ida ba, shari'ar da aka faro tun 2016. Gwamnatin ƙasar ta ce za ta zuba kuɗin a gina gidaje da gyaran hanyoyin ruwa da wutar lantarki da sufuri, wato ababen more rayuwa, kalmar da muka daɗe da daidaita ta.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "tsuntsu daga sama gasasshe", kuma babu shakka ya kama hoton sarai, sai dai ba zai zauna a kanun labarin kasafin kuɗi ba, domin yana ɗauke da raha. Wani abokin aiki ya kawo "garaɓasa", amma garaɓasa ta kasuwa ce, ta kayan da aka karya wa farashi. "Tsintuwa" kuwa na ƙi ta gaba ɗaya, saboda tsintuwa kayan wani ne da ake cigiyar mai su, alhali kuɗin nan haƙƙin baitulmalin Ailan ne, ko da yake ita gwamnatin da kanta ta shafe shekaru tana goyon bayan Apple a kotu don kada a ce ta karɓe su, tana tsoron korar manyan kamfanonin da suka kafa sansani a ƙasar.

Kalmar da ta fi kusa ita ce "rara", wadda kunnen mai sauraro ya saba da ita tun 2004, lokacin da Najeriya ta buɗe asusun rarar kuɗin man fetur don tara abin da ya haura farashin da aka ƙiyasta a kasafi. Matsalarta ita ce rara tana iya dawowa kowace shekara, ita kuwa kalmar "windfall" nauyinta duka yana kan cewa kuɗin sau ɗaya suke zuwa. Wannan ne ma dalilin da ya sa masana tattalin arziki ke gargaɗin kada a ɗora albashi a kansu, a zuba su a bututun ruwa da rukunin gidaje, abin da za a biya sau ɗaya a ci moriyarsa shekara da shekaru.

Shawarata ita ce mu ce "rarar ba-zata", idan ana maganar haraji kuma "rarar haraji ta ba-zata". Na guji "harajin ba-zata" da gangan, domin mai karatu zai ɗauka sabon haraji ne aka ƙaƙaba wa jama'a. Wanda yake da kalma guda da ta fi wannan dunƙulewa, musamman daga Hausar Sakkwato ko Damagaram, ina jiran ta kafin in miƙa rubutun.