Ganyen shinkafata yana naɗewa da rana, wane fili zan fara ba ruwa?

Manomin Rani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara rabon gonata da ruwa, injina ya lalace kuma har yanzu mai gyara bai gama ba. Fili biyu gare ni. Ɗaya kwanansa 25 da dashe, shinkafar tana kan yin 'ya'ya. Ɗayan kuma ya kai kwana 60, ta yi ciki, wasu ma sun fara leƙo da kai.

Tun daga misalin ƙarfe sha ɗaya na safe sai ganyen ya fara naɗewa, kafin azahar ya koma siriri kamar tsinke. Da asuba idan na je sai in tarar ya buɗe, har da raɓa a bakinsa. Ƙasa ta tsage, ina iya zura yatsana a ciki. Maƙwabcina ya ce zai ara mini injinsa na yini ɗaya, kuma ruwan fili ɗaya kawai zai isa. Zuciyata ta fi karkata ga ƙaramar, domin ita ta fi ba ni tausayi, ta yi yaushi sosai. Don Allah wacce zan ba? Kuma naɗewar nan alamar mutuwa ce?

Malamar Gona:

Wa alaikumus salam Malam. Ka ba mai cikin, kuma ka ba ta gobe-goben nan idan da hali.

Naɗewar ganye dabara ce ta shukar. A saman ganyen shinkafa akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta jere tsakanin jijiyoyinsa, cike da ruwa. Idan ruwan da ganye ke fitarwa ya fi wanda saiwa ke jawowa, su ne ke fara saki, sai ganyen ya naɗe ya ɓoye fuskarsa daga rana da iska. A lokaci guda shukar tana tara wani sinadari da ake kira ABA, wanda ke sa ƙananan ƙofofin ganye su rufe. Amma ta waɗannan ƙofofi ne iskar da take haɗa abincinta da ita ke shiga, don haka duk awannin da ganye ya yi a naɗe, girma ya tsaya. Tana kuma tara sukari da wasu sinadarai a cikin ƙwayoyinta domin su riƙe ɗan ruwan da ya rage.

Ƙaramar tana da lokacin ramawa. Idan ruwa ya dawo za ta fitar da sabon ganye da sabbin 'ya'ya, ko da ba su kai yawan da za ta yi da ba. Mai ciki ba ta da wannan dama, zangarniya ɗaya kowane kara zai yi a rayuwarsa. Idan ƙishi ya same ta yanzu, wuyan zangarniyar ba ya miƙewa, sai rabinta ya maƙale a cikin kube. Furen da ya fito kuma jakar garinsa ba ta fashewa yadda ya kamata, barbara ba ta yiwuwa. Ranar girbi za ka ga kai tsaye ƙyam, fari fat, ka murza a tafin hannu ka ji ƙaiƙayi zalla. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan gona tare da mai ita, karan kore shar amma babu ƙwaya, kuma ba na fatan in sake gani. Ga zafi ma: ganyen da ya rufe ƙofofinsa ba ya iya sanyaya kansa, alhali zafin da ya haura digiri 35 a lokacin fure shi kaɗai yana hana ƙwaya.

Tsohon Manomi:

Maganar Malama gaskiya ce, ba ni da ja. Sai dai yaro, kada ka juya wa ƙaramar baya gaba ɗaya. Ka riƙa zuwa da asuba kana duba ta. Muddin ganye yana buɗewa da dare, da sauranta. Ranar da ka je da sassafe ka tarar yana naɗe, bakin ganyen ya fara bushewa yana yin ruwan toka, to ta kai maƙura, ko da bokiti ne ka nema mata.

Kada ka zuba mata taki yanzu. Na yi wannan kuskure ina matashi, na ga shinkafa ta yi ja na ɗauka yunwa ce, na watsa yuriya a busasshiyar ƙasa. Takin ya tashi a banza, ganyen ya ƙara ƙonewa. Ka cire ciyawa dai, domin tare suke shan ɗan danshin da ya rage. Sannan ranar ban ruwa, ka fara bin kunyoyin gefe ka toshe tsagar da laka, in ba haka ba ruwan yini ɗayan nan zai zurare ƙasa kana kallo. Kuma ka sa a ranka ƙaramar za ta makara wajen fitar da kai, wanda ya sha ƙishi ba ya cika lissafin kwanakinsa.

Ɗalibin Kimiyyar Shuka:

Baba da Malama sun gama magana a kan na yanzu, ni zan ɗan taɓa na gaba. Abin da ya sa shinkafa ta fi dawa saurin jigata shi ne an gina ta ne don zama cikin ruwa. Yawancin saiwar shinkafar fadama ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 na saman ƙasa, kuma kakin da ke rufe ganyenta siriri ne, ko ta rufe ƙofofi ruwa yana ɗan tsiyaya.

Amma iri ya bambanta. A 2013 Yusaku Uga da abokan aikinsa a Japan suka bayyana wani ƙwayar gado mai suna DRO1, wanda ke sa saiwa ta nufi ƙasa maimakon ta bazu gefe. Daga wata shinkafar tudu ta Filifin, Kinandang Patong, suka shigar da shi cikin wata shinkafar fadama mai suna IR64, sai ta riƙa kai wa ga danshin da ke can ƙasa, ta kuma ba da amfani a farin da ya kusa kashe IR64 ta asali. A Indiya akwai irin shinkafa mai suna Sahbhagi Dhan da aka fitar don wuraren da ruwan sama ke yankewa. Irin NERICA na tudu da masanin shinkafa ɗan Saliyo, Monty Jones, ya jagoranci samarwa kuwa, babbar dabararsu saurin nuna, kwana 90 zuwa 100, su gama kafin ruwa ya ɗauke.

Idan injinka ya dawo, ka gwada hanyar da IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya, ke koyarwa. Ka sami bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa a gona, ka kwashe lakar cikinsa. Ba sai ka sake ban ruwa ba har sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, domin har lokacin saiwa tana sha. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ta haka. Amma su ma sun ce daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa, a bar ruwa kwance a fili.

Manomin Rani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na bi maganar Baba, na yini ina cusa laka a tsaga, yau da safe muka tada injin a kan mai cikin. Ya ɗauki kusan awa biyu ƙasa tana sha kafin ruwa ya fara kwanciya. Da la'asar na zaga, ganyen ya buɗe, kuma na ƙirga kai goma sha ɗaya da suka fito cikakku a layin farko. Akwai guda uku da suka maƙale a kube, saman su ya riga ya yi fari. Malama, waɗannan ukun za su ƙarasa fitowa ko sun tafi ke nan? Ƙaramar kuma ta buɗe da asubar yau, sai dai ba duka ba, ta gefen da ƙasar ta fi yashi ganyen bai saki ba. Can zan fara kai bokiti gobe.