Kaskon suyata ya ɓare: in sake sayen irinsa ko in koma na baƙin ƙarfe?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaskon suyata mai shafin nan da ke hana abinci kamawa ya fara ɓarewa alhali bai kai shekara 2 a hannuna ba, har nakan ga baƙin ɓurɓushi a jikin ƙwai idan na soya, kuma gindinsa ya lanƙwashe ta yadda mai ke taruwa a gefe guda. A kan gas nake girki, amma idan muka fita shan iska da iyali nakan ɗora shi a murhun gawayi. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada kaskon baƙin ƙarfe kafin in kashe kuɗina.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gawayin nan shi ne ya kashe miki kasko. Shafin da ake kira Teflon yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, garwashi kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba, kuma ba shi da maɓallin ragewa. Yawancin irin waɗannan kasake da siririn alminiyam ake yin su, shi ya sa suke lanƙwashewa, musamman idan aka zuba musu ruwan sanyi suna da zafi. Tunda ya fara zubar da ɓurɓushi, ki daina soya abinci a cikinsa.

Amsa ta biyu

Hajiya, na shafe shekara 6 ina amfani da na baƙin ƙarfe a kan gas da gawayi, kuma har yau bai nuna gajiya ba. Yana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ya ɗauka yana riƙewa, don haka nama ba ya sanyaya shi ya tsaya yana tsatso ruwa maimakon soyuwa. Sai dai yana son kulawa. Kafin ki fara aiki da shi, ki shafa masa mai kaɗan ciki da waje, ki goge da ƙyalle har ki ga kamar babu komai, sannan ki gasa shi har ya yi hayaƙi ya daina. Idan kika maimaita sau uku ko huɗu zai yi baƙi mai sheƙi, abinci ya rage kamawa. Na taɓa barin nawa cikin ruwa ya kwana, da safe na tarar tsatsa ta yi masa ja, sai da na kankare da soson ƙarfe na sake gashin daga farko. Yanzu ina wankewa nake ɗora shi a wuta ya bushe. Kada kuma ki daɗe kina dafa tumatir a cikinsa, domin tsami yana cinye wannan shafin man.

Amsa ta uku

Na yarda da bayanan da suka gabata, amma akwai batun nauyi, domin matsakaicin kaskon baƙin ƙarfe yakan haura kilo 2, kuma mai ciwon wuyan hannu zai sha wahalar ɗaga shi da abinci a ciki. A ganina, Hajiya, ki sayi na ƙarfen domin nama da fita waje, ki kuma ajiye ƙaramin mai shafi saboda ƙwai kaɗai, kina juyawa da cokalin katako a kan wuta matsakaiciya.