Wa ya taɓa fama da tantance jan gizo-gizon ganye a maikiroskof?

Ɗalibar lab: Salam 'yan uwa. Sati biyu ke nan ina zaune gaban maikiroskof da jajayen ƙwarin nan masu saƙa a bayan ganyen tumatir, silayid goma sha ɗaya na haɗa, malamina ya duba ɗaya bayan ɗaya ya ce duk mata ne, wai in koma in nemo namiji. Ni dai na ɗauka tunda ja ne ai magana ta ƙare. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa mana yadda ya ƙare da shi.

Mai buroshi: Hahaha ƙanwata sannu, kowa ta nan ya bi. Launi yaudara ne wallahi, nau'in da ake kira Tetranychus urticae kaɗai akwai kore mai ɗigo biyu akwai kuma ja, shi jan da can sunansa daban, cinnabarinus, daga baya masana suka ce duk abu ɗaya ne. Ni ma matan na yi ta kwasa don su ne manya, kusan rabin milimita, su ido ke fara gani. Namijin ƙarami ne, bayansa a tsuke kamar tsinin mashi, ga shi baya zama wuri ɗaya. Dabarar da aka koya min, ki nemi macen da ta yi lamo tana shirin saɓar ƙarshe, sau da yawa za ki tarar da namiji tsaye a kanta yana gadi, sai ki ɗauke shi da buroshi mai laushi.

Tsohon ma'aikaci: Samun namijin ma rabin aiki ne 'yata. Mace a kan cikinta ake kwantar da ita, ƙafafu a baje, shi kuwa dole a gefe, saboda al'aurarsa ake son gani daga gefe, kanta mai kama da ƙugiya da yadda ya lanƙwasa shi ke raba wani nau'i da wani. Farkon aikina na lalata maza sun fi ashirin, da na ɗora murfin gilashin sai ya mirgine ya koma rigingine. Sai da na koyi rage ruwan Hoyer, wato ruwan da ake kwantar da ƙwaron a ciki a kan silayid, ɗigo ƙarami, sannan in riƙa tura murfin a hankali da allura ina kallo har ya juyo daidai. Bayan nan obin, wajen digiri 45, kwanaki. Wanda ya yi gaggawa ya kai shi ƙarƙashin lens na 100 da mai tun bai bushe ba ya san abin da nake nufi.

Ɗalibar lab: Baba to matan nan goma sha ɗaya zubarwa zan yi ke nan?

Tsohon ma'aikaci: A'a kar ki zubar. Duba gaɓar ƙarshe ta ƙafar farko, akwai tagwayen gashi guda biyu. In gashi huɗun da ke gindin gaɓar suna can baya da tagwayen farko, na kusa da gindin, kin doshi urticae, in kuwa kusan layi ɗaya suke to kina wajen su evansi, wani nau'in Tetranychus daban. Sai dai macen nau'in ludeni ma haka take, shi ya sa malaminki ya nace kan namiji.

Mai gidan gilashi: Ni abin ya taɓa ci na da gaske. Muka ga ja a tumatir muka ce urticae ne, muka sako Phytoseiulus persimilis, wani ɗan ƙwaro mai farautarsu, ya cinye su, shiru, saƙa sai ƙaruwa take har saman shuka ya koma kamar an yayyafa jan gari. Da aka haɗa namiji aka duba ashe evansi ne, ɗan asalin Kudancin Amurka, shi kuma persimilis baya wani kataɓus a kansa. Ba wanda ya yi tunanin silayid sai da rabin tumatirin gidan ya ƙone.

Mai buroshi: Wani abin kuma, ki ƙirga ƙafa kafin komai. Na taɓa ɓata yini kan wani mai ƙafa shida ina murna na samo sabon abu, ashe jariri ne bai kai ga takwas ba.

Ɗalibar lab: Na gode ƙwarai. Yanzu na koma kan ganyen, na samu maza biyu a kan mace ɗaya suna ture juna, ɗaya ya tsere min, ɗayan yana cikin alkohol. Gobe zan gwada juyin allurar nan in sha Allah.