Wace kalma ta dace da "debugging" a Hausa?

'Yan'uwa masu sha'awar harshe, ina neman ra'ayinku kan wannan kalma ta masu rubuta shirin kwamfuta, wadda ke nufin nemo abin da ya hana shiri aiki daidai a kuma gyara shi. Abin da ya tado min da ita shi ne wani dare da na raba ina fama da fayil ɗin gwajin CMS, wani gwajin kimiyya da ake haɗa karo tsakanin ƙananan ƙwayoyin zarra da ake kira furoton, daga cikin bayanan da cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Janiba ta fara sakar wa jama'a tun 2014. Irin waɗannan fayiloli da manhajar ROOT ake buɗe su, wadda René Brun da Fons Rademakers suka faro a tsakiyar shekarun 1990, kuma sakamakon kowane karon furoton yana jere ne cikin wani tsari mai rassa da suke kira TTree.

Shirin kwamfutar da na rubuta don karanta fayil ɗin ya tsaya cak a layi na 40, na yi ta dube-dube a wurin har idanuna suka yi ja, alhali layin lafiyarsa ƙalau. Ashe ɓarnar tana can layi na 12, inda na fara sunan TTree ɗin, wato "Events", da ƙaramin harafi. ROOT ba ta ce uffan ba, sai ta miƙo min fanko a madadin bayanan, shirin kuma ya ci gaba da tafiya har zuwa inda ya nemi ɗiba daga fankon.

Shi ya sa "gyaran kuskure" bai gamsar da ni ba, domin gyaran harafi ɗaya ne, wahalar duk tana wajen nemowa. "Cire ƙwaro" kuwa fassarar kalma da kalma ce ("bug" ƙwaro ne a Turanci), wadda Bahaushe zai ɗauka ana maganar rumbun wake. Na so "bin diddigi", amma 'yan jarida sun riga sun kama ta wajen tantance labarai.

Shawarata ita ce "bin sawun aibu". Tangarɗa ita ce abin da ya bayyana a allo, aibu shi ne tushenta da ke ɓoye a rubutun shirin, mai aikin kuma yana komawa baya layi bayan layi, kamar makiyayin da ke bin sawun saniyar da ta ɓata. Tana kuma shiga jimla ba tilasci: "na bi sawun aibun har layi na 12."

Saura fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa, wanda ROOT ke kira "zombie". Ni "fatalwa" na fi karkata gare ta, sai dai in kuna da wadda ta fi ta.