Aji uku a tattalin arziki: wane darasin zaɓi zan ɗauka?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum yayyena. Ina shirin shiga aji uku, rajista kuma ta matso. An ba mu damar ɗaukar darussa biyu daga wasu sassan, ga abin da ke gabana: ƙididdiga daga sashen lissafi, akanta, tattalin arzikin noma, da harkar kuɗi ta Musulunci. Baba yana so in yi aikin banki, ni kuwa raina yana wajen bincike, irin na Babban Banki ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Abokaina sun ce in guji duk abin da ke da lissafi kada maki ya zube. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 3.7 ne. Me kuka gani?

Yayan Gwale:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗauki ƙididdiga, kada ka tsaya dogon tunani. Matakin 2:1, wato rukunin sama na digiri mai daraja ta biyu, daga 3.50 yake farawa, kana da ɗan sarari, C guda ba za ta kayar da kai ba.

Ni aikina kenan yanzu, nazarin bayanan da ake tattarowa daga ƙauyuka, kuma ina zama cikin masu tantance sababbin ma'aikata. Ba mu taɓa tambayar yaro ma'anar hauhawar farashi ba. Kwamfuta muke miƙa masa da tarin alƙaluma a hargitse, mu ce ya gyara ya faɗa mana abin da ya gani. A nan masu manyan sakamako da yawa suke yin zuru. Ikonometiriks ɗin da za a koya muku bana, wato auna tattalin arziki da alƙaluma, in ba ka da tushen ƙididdiga, haddarsa kawai za ka yi ka zubar a jarrabawa. In kuma kana da niyyar digiri na biyu, kalkulas da aljebra suna can suna jiranka.

Sannan kada ka jira malami. Fara da Excel har hannunka ya faɗa, ka wuce manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ce, ba sai ka nemi irinta ta kuɗi, Stata, ta bayan fage ba. Hukumar Ƙididdiga da Bankin Duniya suna gudanar da binciken gidaje tun 2010, ana komawa gidajen nan dai bayan 'yan shekaru, bayanan kuma suna intanet kyauta. Ka yi furojet ɗinka da su. Mun gaji da ganin furojet iri ɗaya: a kwaso alƙaluman shekara talatin daga kundin Babban Banki, a zuba a manhajar EViews, a ce an gano wani abu.

Maman Khalifa:
Auta, kada ka yi watsi da maganar Baba, amma ka san banki ba ya duba darasin zaɓinka. Sakamako yake dubawa da shekarun haihuwa, sai jarrabawar gwaji, sannan su horar da kai da kansu. Inda akanta ke amfani shi ne bayan ka shiga. A sashen ba da bashi, wanda bai iya karanta lissafin kamfani ba ya zama ɗan kallo. In ka ji daɗinsa, sai ka bi hanyar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, lokacin bautar ƙasa.

Harkar kuɗi ta Musulunci tana da kasuwa, ba musu. A bankunan Musulunci, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun zuba jari na Musulunci) na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Sai dai murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (ba da haya) abubuwa ne da za ka iya koya daga baya, Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum a kansu. Ni dai akanta zan ce.

Ɗan Dawanau:
Kowa ya tsallake noma kamar ba shi ke ciyar da mu ba! Malam Auta, ka shigo kasuwar hatsi ta Dawanau da kaka ka tambayi kuɗin buhun masara, ka dawo tsakiyar damina ka sake tambaya. Wa ya ci ribar da ke tsakani, manomi ko mai sito? Ga riɗi da zoɓo ana lodinsu zuwa ƙasashen waje. Ƙungiyoyin raya karkara da cibiyar binciken noma ta Samaru irin waɗannan tambayoyin suke bi, masu iya amsa su da hujja kuma ba su da yawa.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙididdiga ta zauna. Na biyun ne nake ta juyawa tsakanin akanta da noma. Anti, in na ɗauki noma, Baba zai ce na bi son raina.

Yayan Gwale:
Kafin ka kai ga Baba, je ka duba jadawalin lakca. Darussan wasu sassan sukan yi karo da na dole, har a ranar jarrabawa. Ka kuma tambayi malamin da ke kula da ajinku ko ƙididdigar tana da sharaɗin wani darasi na aji biyu. In tana da shi kuma ba ka yi ba, ka nemi sa hannun shugaban sashen tun kafin a rufe rajista.